Yanda za ka shiga gidan Wallace a Landan ka sha kallo ba ko sisi

Duk wanda Allah ya kai shi Landan daga wajenmu, ko karatu ko ganin likita ko hutu da iyali, da wuya ya dawo bai taka Oxford Street ba, can ake jidar tsaraba, turare da takalma da jakunkunan mata, a fito da ledoji niƙi-niƙi ƙafa ta yi tsami aljihu ya yi kuka. Toh abun da da yawanmu ba mu sani ba, a bayan kantin Selfridges ɗin nan, tafiyar da ba ta kai minti goma ba a ƙafa, akwai wani gidan jan bulo a bakin wani ɗan fili mai bishiyoyi da ake ce ma Manchester Square (ba ruwanshi da garin Manchester na 'yan ƙwallo fa, a tsakiyar Landan yake), sunan gidan Hertford House, abun da ke cikinshi kuma shi ake kira Wallace Collection. Shiga kyauta ne. Ba tikiti, ba layi mai tsawo, ka tura ƙofa kawai ka shiga.

Ni dai shawarata ta farko, ka cire ma ranka cewa gidan tarihi za ka. Ka ɗauka gidan wani attajiri za ka gaisuwa, masu gidan sun fita sun bar maka ɗakuna a buɗe. Don haka yake a gaskiya, kaya ne na zuri'a ɗaya da suka yi ta tarawa tsawon ƙarni guda da wani abu, uba ya bar ma ɗa, ɗa ya ƙara nashi, har abun ya kai wajen guda 5,500, zane-zane da kujeru da agoguna da tangaran da takubba da sulke, kuma an jera su ne kaman yanda ake jeren ɗaki, zane a bango, kabad a ƙarƙashinshi, agogo a kan kabad ɗin, bangon kanshi an lulluɓe shi da siliki, wannan ɗaki kore, wancan ja, na gaba shuɗi. In ka shiga da niyyar sai ka ga komai a rana ɗaya za ka fito da ciwon kai kuma ba abun da za ka iya tunawa.

Kafin mu shiga bari in ɗan ba ka labarin masu gidan, don in ba ka san shi ba rabin daɗin ya wuce ka. Mutum huɗu ne a jere da suka riƙe sarautar Marquess na Hertford, wata sarauta ce ta gado a Ingila, sai na biyar ɗinsu Sir Richard Wallace. Wanda ya fi kowa saye shi ne na huɗun, an haife shi 1800 ya rasu 1870, mutum ne mai kuɗin da bai san iyakarsu ba, bai taɓa aure ba, kuma kusan duk rayuwarshi a Faris ya yi ta, ba ya son shiga mutane, aikinshi kawai ya tura wakili wajen gwanjo a kayar mishi da kowa. Wani abun ma in an saya sai a turo shi Landan a ajiye, shi yana can Faris abunshi. Wakilin nan nashi kuma sakatarenshi shi ne Richard Wallace, wanda kusan kowa ya tafi a kan cewa ɗanshi ne da aka haifa ba ta hanyar aure ba, amma har ya mutu bai fito ya ce ɗana ne ba. Sai da aka buɗe wasiyya aka ga sarauta ta tafi wajen wani ɗan uwa, kayan nan kuwa kaf da dukiya mai yawa an bar ma Wallace.

A shekarar da ya ci gadon ne sojojin Jamus suka yi ma Faris ƙawanya, 1870 zuwa 1871, masu hali suka gudu shi ya zauna yana kashe kuɗi a kan asibitin yaƙi da ciyar da mutane, bayan nan ya ba garin kyautar famfunan shan ruwa guda 50, in ka taɓa zuwa Faris ka ga wasu korayen famfunan ƙarfe da siffar mata huɗu ɗauke da 'yar ƙubba a ka, toh su ne, har yau da sunanshi ake kiransu. A 1872 ya kwaso mafi yawan kayan ya dawo da su Landan. Ya rasu 1890, ɗansu ɗaya tilo ya riga shi tun 1887, sai komai ya koma hannun matarshi, Bafaranshiya ce, ita kuma da ta rasu a 1897 sai ta bar ma ƙasar Ingila kayan da ke gidan bisa sharaɗi: a bar su tare wuri ɗaya, kar a gauraya su da kayan wani, kuma su ci gaba da amsa sunan mijinta. Aka buɗe ma jama'a a 1900.

Wannan sharaɗin nata shi ne ya fi tsaya min a rai. Mu a wajenmu wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma kowa ya san yanda kayan gidan babban mutum suke watsewa bayan arba'in, alkyabba ta tafi nan, takobi ya tafi can, littattafai gara ta cinye a soro, wani jikan ya kai sirdin kasuwa. Abun da matar nan ta yi ya fi kama da waƙafi, ba a sayarwa, ba a ƙarawa. Shekara ɗari da 'yan kai ko aro ba a ba wani gidan tarihi ba, sai a 2019 aka sassauta aka fara ba da aron wasu na ɗan lokaci. Amfanin sanin wannan a gare ka: in akwai wani abu takamaimai da kake son gani, leƙa shafinsu na intanet kafin ka fito ka tabbatar yana nan bai tafi baƙunta ba.

Zuwa wajen ba wuya. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ta fi dacewa ita ce Bond Street, layin Central da Jubilee da Elizabeth duk suna tsayawa a nan, shi Elizabeth ɗin ma tun daga filin jirgin Heathrow yake ɗauko ka ba sai ka sauya ba. In ka fito ka nufi wajen Selfridges, ka bi Duke Street da ke gefen kantin ka miƙe arewa, za ka faɗa cikin filin, gidan yana can ɗaya gefen yana kallonka. Daga Baker Street ma ana zuwa a ƙafa. In bas za ka hau ka tuna ba sa karɓar tsabar kuɗi, kati ake taɓawa, na banki ko Oyster. Suna buɗewa kullum ƙarfe 10 na safe su rufe 5 na yamma, har Asabar da Lahadi, sai dai kwanakin Kirsimeti, 24 zuwa 26 ga Disamba, a rufe yake.

Ka je da safe, kuma dan Allah ka je kafin sayayya ba bayanta ba. Ni zuwana na farko kuskuren da na yi kenan, na biyo ta wajen ƙarfe huɗu saura da ledoji a hannu biyu, ƙafata kaman ba tawa ba, na yi ta ratsa ɗakuna kaman wanda ake kora, na fito abun da na riƙe kawai shi ne akwai zinare da yawa. Ƙarfe goma zuwa sha biyu na ranar aiki shi ne lokacin da za ka samu ɗaki kai kaɗai sai mai gadi a kusurwa. Akwai wajen ajiye kaya kusa da ƙofa, ka ba su rigar sanyi da jaka, amma kar ka jawo akwatin tafiya. Hoto da waya ba laifi in dai ba ka kunna filasha ba. Kujerun da ka gani masu ruwan zinare ba na zama ba ne, ko da babu igiya a kai, akwai bencina na baƙi daban. Taɓa kaya kuwa ko da wasa, ka ja ma yara kunne tun daga waje. In suna da baje koli na musamman a ƙasan gidan shi ake biya, sauran duk kyauta, akwai dai wajen saka gudummawa in ka ga dama. Ka karɓi taswirar gidan a teburin shiga, ka kuma tambaye su ko akwai zagayen da jagora ke yi ranar, suna yin na kyauta.

Da ka shiga matakala ce za ta tare ka. Kar ka haye da sauri. Dubi ƙarfen da aka yi mata shinge da shi, baƙin ƙarfe da tagulla mai ruwan zinare, an ƙera shi ne wajen 1719 zuwa 1720 don bankin sarki a Faris, in ka duba da kyau za ka ga ƙaho yana zubo da tsabar kuɗi a cikin adon. Bankin bai daɗe ba ya durƙushe ya tafi da dukiyar mutane, shingen ya rayu, Wallace ya sa aka daidaita shi a gidanshi. Ni duk zuwa sai na yi murmushi a wajen nan, banki ya mutu ya bar ƙarfen bene.

Hau sama kai tsaye ka wuce babban zauren da suke ce ma Great Gallery tun idonka bai gaji ba, sauran ɗakunan ka dawo musu daga baya. Dogon zaure ne, bango jan siliki, hasken rana na saukowa daga rufi, an gyara shi an sake buɗewa a 2014. A nan aikin manyan masu zane yake, Titian da Rubens da Rembrandt da Velázquez da Poussin, kowanne in a wani gari ne shi kaɗai za a gina ma ɗaki. Yanda nake yi, in tsaya a tsakiya in juya sau ɗaya a hankali, duk zanen da ya kira ni shi zan je ma, guda uku ko huɗu, shikenan. Kuma kar ka fara da karanta ɗan allon da ke gefe. Kalli zanen tukuna, daga nesa, sannan ka matso, sannan ka koma baya, in ka gama sai ka karanta ka ga ko kun yi daidai da masana.

Wanda kowa ke zuwa dominshi shi ne Laughing Cavalier na Frans Hals, mutumin Holan, 1624. Sunan yana nufin barde mai dariya, amma mutumin ba dariya yake ba kuma ba wanda ya ce barde ne, Turawan Ingila ne suka laƙaba mishi sunan bayan shekara ɗari biyu da wani abu, ainihin sunanshi ma ya ɓace, abun da aka rubuta a saman kusurwar zanen kawai shekarunshi 26 da shekarar da aka yi shi. Ka sa hannu ka kare gashin bakinshi daga inda kake tsaye, wato ka rufe ido ɗaya ka ɗaga yatsa, za ka ga leɓen a rufe yake, gashin bakin da ya murɗe sama da ƙyallin idon su ne suke yaudararka. Toh amma ni hannun rigar ne ya kama ni. Duk wanda ya taɓa zama wajen masu ɗinkin hannu yana kallon yanda ake fitar da aska takwas a babbar riga zai gane abun da nake nufi, aiki ne cunkus, kibiyoyi da ƙudan zuma da harshen wuta da ƙulle-ƙulle, ja da ruwan ɗorawa da fari a kan baƙi, daga taku uku baya za ka rantse zare ne za ka iya tsinka da farce. Matso kusa sai ka ga ashe shafe-shafen fenti ne aka yi da sauri, nan ɗigo can ja, farin leshin wuyan hannun ma wasu 'yan layuka ne kaman an yi da gaggawa. Koma baya, ya sake zama ɗinki. Na yi gaba da baya a wajen nan ya fi sau biyar har na ji kunyar mai gadin. A gwanjon 1865 a Faris Marquess na huɗun nan ya kara da Baron James de Rothschild a kan zanen, ya kayar da shi da faran 51,000, ninki wajen shida na abun da aka yi tsammani, kuma wannan rigimar ta masu kuɗi ita ta sa duniya ta waiwayi Hals bayan an daɗe da mantawa da shi.

Wata magana da gara in faɗa maka tun yanzu, musamman in da iyaye ko surukai ko yara za ka. Akwai zanen tsiraici a gidan, ba kaɗan ba, tun daga saman matakalar ma manyan zanen Boucher guda biyu na fitowar rana da faɗuwarta za su tare ka, kuma ɗakunan Faransa na sama cike suke da irinsu. Ba yanda za ka yi ka kauce musu gaba ɗaya. In ka san wanda kake tare da shi ba zai ji daɗi ba, ku tsaya a ƙasa wajen makamai da tangaran, nan ma ya ishe ku awa biyu, ko kai ka fara zuwa kai kaɗai ka san hanya. Kowa dai ya san abun da zuciyarshi ke ɗauka, ni na faɗa ne kar ka ce ban gaya maka ba.

In ka ci gaba da zagayen sama za ka iso inda zanen mai lilo na Fragonard yake, na wajen 1767. Zai ba ka mamaki don ƙarami ne, tsawonshi bai kai mita ɗaya ba. Mace ce cikin riga ruwan hoda a kan lilo a tsakiyar lambu, takalminta ɗaya ya fice yana sama, wani dattijo a baya cikin inuwa yana jan igiya bai san dawan garin ba, wani saurayi kuma ya ɓuya cikin furanni a gaba, ga gunkin yaro mai fiffike ya ɗora yatsa a baki alamar a yi shiru, ga ɗan farin kare a ƙasa yana haushi ba mai saurarenshi. An wanke zanen a 2021 shi ya sa launin ya fito tas. Ka kalle shi ka tuna shekara ashirin da 'yan kai bayan nan, 1789, talakawan Faransa suka tashi, a 1793 aka sare kan sarki da matarshi Marie Antoinette, aka yi gwanjon kayan fadar Versailles. Ta irin wannan hanyar kayan fada suka shiga kasuwa suna yawo hannu zuwa hannu har wasu suka ƙare a gidan nan, akwai teburan rubutu na ita sarauniyar da kafinta Riesener ya yi mata, akwai kabad ɗin da aka yi ma ɗakin kwanan sarkin Faransa Louis na 15 a 1739.

Kayan katakon nan kar ka wuce su kana neman zane, rabin gidan su ne. Nemi waɗanda ake ce ma aikin Boulle, sunan kafintan Louis na 14 ne, André-Charles Boulle. Dabararshi ita ce a haɗa fallen tagulla da fallen ɓawon kififiyar teku a manne, a zana fure a kai, a yanka su tare da siririn zarto, in an raba sai ka samu biyu, furen tagulla a cikin ɓawo, da furen ɓawo a cikin tagulla, ba abun da aka yar. Shi ya sa sau da yawa za ka ga kabad biyu kaman tagwaye amma ɗaya juyin ɗaya ne. Durƙusa kaɗan ka kalle shi ta gefe inda haske ke bugawa za ka ga layin yankan. Dukawa masu yanka fata su sa wata kala a ƙarƙashi za su gane wannan wayon nan take.

Tangaran kuwa, na Sèvres ne, masana'antar sarkin Faransa, shuɗi mai duhu da kore da ruwan hoda da wani shuɗi kaman sararin sama, duk da bakin zinare. Ranar da na je da yayata a nan na rasa ta, ta tsaya gaban kabad ɗaya ta ƙi motsi, wai ashe su ma Turawan jere suke yi, kuma wallahi gaskiyarta, da yawan kayan nan ba a taɓa cin abinci a ciki ba, na nuna wa ne kaman yanda iyayenmu mata ke jera kwalla da tangaran har rufi a ɗakin amarya. A cikinsu akwai mazuban sanyaya askirim daga saitin da sarauniyar Rasha Catherine ta sa aka yi mata wajen 1778. Kusa da nan akwai wani ɗan lungu mai duhu da aka jera battocin zinare na anwuru, kowace ba ta fi tafin hannu ba, wasu da lu'ulu'u wasu da zane ƙanana da sai ka kusa manna hanci a gilashi. In ka ga akwatin gilashi an rufe shi da fata, ɗaga fatar ka kalla ka mayar, an sa ta ne don haske na cinye launin abun da ke ciki, ba wai an hana gani ba ne.

Yanzu sauko ƙasa wajen makamai, in da yara maza ka zo ma daga nan za ka fara don a zauna lafiya. Akwai doki da mahayinshi cikin sulken ƙarfe tun daga goshin dokin har gindin wutsiya, aikin Jamus na wajen 1480, duk wanda ya saba ganin 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan kwalkwali a hawan sallah zai tsaya yana kwatantawa, mu auduga aka cusa aka ɗinke don kibiya da zafin ƙasarmu, su farantin ƙarfe aka bubbuga aka yi mishi gaɓoɓi yana lanƙwasa a gwiwa da gwiwar hannu. Dubi yatsun safar hannun, kowane yatsa da 'yan faranti a jere kaman bayan kifi. Sai ɓangaren makaman gabas, Indiya da Farisa da daular Usmaniyya, takubba masu rubutun Larabci da ruwan zinare a jikin ruwan takobin, garkuwoyi, sulken zobe irin wanda muka sani. Akwai takobin Tipu Sultan, sarkin Mysore ta Indiya da ya yi ta gwabzawa da Turawan Ingila har suka kashe shi a 1799, akwai wata wuƙa ta fadar sarakunan Mughal ta farkon ƙarni na 17, ƙotarta zinare ce an dasa mata yakutu ja da ƙananan duwatsu har ba ka ganin wajen sa allura. Ka tambayi ma'aikaci kuma ya nuna maka fitilar masallaci ta gilashi daga Alƙahira, zamanin Mamluk, ƙarni na 14, mai faɗin baki da 'yan kunnuwa da ake ɗaura sarƙa a rataye ta, rubutu ya zagaye ta. Irin waɗannan fitilun ayar nan ta Suratun Nur aka fi rubuta musu a wuya, ka gwada karanta abun da ke jikin wannan da kanka, abun daɗi ne ka tsinci kanka kana karanta abun da sauran masu kallo suke ɗauka ado ne kawai.

Abun da nake so kar ka fita ba ka gani ba shi ne zinaren Asante. Ce ma kowane ma'aikaci Asante gold zai nuna maka inda yake. Akwai kan mutum na zinare, an zuba shi ne ta hanyar narka kaki, nauyinshi ya haura kilo ɗaya, yana cikin manyan kayan zinare na da da suka rage daga Afirka in ka cire Masar, tare da wasu takubba da zobba da ƙananan kayan fada. Daga Kumasi suka fito. A watan Fabrairu 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga garin, suka kwashe fadar Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari, suka cinna ma garin wuta, suka kuma ɗora mishi tarar zinare oza 50,000. Kayan suka iso Landan, kamfanin maƙeran zinare na Garrard ya saya, Wallace ya saya daga hannunsu a wannan shekarar. Kuma in ka tsaya gaban gilashin nan kar ka yi saurin cewa su da su, don akwai Hausawa a yaƙin, Kyaftin John Glover ya jagoranci runduna da sojojin Hausa a cikinta ta ɓangaren kogin Volta, irin rundunar da ya fara haɗawa a Legas a 1863 wadda ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Najeriya. Na daɗe a wajen fiye da yanda na yi niyya. Fuskar tana da tsaga a gefe, ido a lumshe, ga ɗan zobe a ƙarƙashin haɓa, kuma abu ne da aka yi don fada da bukukuwanta, yanzu ga shi a gilashi tsakanin kayan Faransa. A 2024 gidan tarihin Birtaniya da na Victoria and Albert (V&A) da ke Landan sun mayar da wasu kayan Asante guda 32 zuwa gidan tarihin fadar Manhyia a Kumasi, amma a matsayin aro, wato mai kaya ne ake ara ma kayanshi. Nan gidan kuwa ga wasiyyar matar nan da na gama yabo ɗazu, ita ce dai ta ce a bar komai tare. Ni ban warware wannan a raina ba, ina yaba wasiyyar a sama in sauko ƙasa in ji ta tsaya min a wuya. In kana da 'yan uwa a zangon Kumasi ɗauki hoton ka tura musu ka ji me za su ce.

In ƙafa ta gaji akwai tsakar gida da aka rufe da gilashi a shekarar 2000 aka mai da shi wajen cin abinci, shayi da kek ba laifi, farashin dai na unguwar masu kuɗi ne, nama kuwa ka tambaya kafin ka ce a kawo. Ni nakan sha shayi kawai in ajiye yunwata, don Edgware Road ba nisa, minti goma sha biyar a ƙafa ta yamma, gidajen abincin Larabawa na halal a jere, shawarma da gasasshen nama da shinkafa. Sallah kuma ka lissafa ta tun kafin ka shiga, musamman lokacin sanyi, a Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar suna bin juna kusa-kusa, in ka shagala sai ka fito ka tarar duk sun wuce ka. Babban masallacin Regent's Park yana arewa, ka bi Baker Street ka miƙe, minti ashirin da ɗan wani abu a ƙafa ko ka hau bas. Tunda shiga kyauta ce ba abun da zai hana ka shiga goma, ka fita sha biyu da rabi ka yi sallah ka ci abinci, ka dawo ka ƙarasa ɗakunan Holan da zanen birnin Benis na Canaletto da ka tsallake, sannan in da sauran ƙarfi a gangara Oxford Street a yi tsarabar, kantunan can sai dare suke rufewa in ba Lahadi ba.